Injin jifa na besbol da sofbol: ku tsaya mu yi magana kafin ku tura dalolinku waje

Duk wanda ya zo min da maganar sayen injin jifa, wato injin da yake jefo wa mai sanda ƙwallo a wajen atisaye, tambayarshi ta farko guda ɗaya ce, wai mil nawa yake gudu. Da wuya ka ji wanda ya fara da wace irin wuta yake ci, ko wace irin ƙwallo ake sa mishi, ko in ya lalace wa zai iya buɗe shi a garin nan. Ni kuma a wajena waɗannan ukun sune maganar, gudu shine na ƙarshe a layi.

Nasan mu 'yan besbol da sofbol (ƙanwar besbol mai babbar ƙwallo) a Jos ba mu da yawa, in ka ce wa mutum kana koya wa yara besbol ranar Asabar sai ya ce maka "wannan na 'yan Amurka da suke dukan ƙwallo da sanda suna gudu?" Eh shi ɗin. Amma ba baƙo bane a ƙasar nan kamar yadda ake ɗauka, an buga besbol a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003 kuma Najeriya ce ta zo ta biyu bayan Afirka ta Kudu, akwai filin besbol a Ilori, sannan besbol da sofbol duk za su dawo Olamfik a Los Angeles a 2028. Matsalarmu a nan ita ce masu jifa. Yaron da ya fara koyon jifa mafi yawan abun da zai jefo ko ya bi ta saman kai ko ya daki ƙasa ko ya nufi haƙarƙarin mai sanda, sai ka ga an shafe rabin awa mai duka bai samu ƙwallo mai kyau da zai kai wa sanda ba sai 'yan kaɗan. In koci ne yake jefawa da kanshi kuma, yara ashirin a layi, kafin a zo kan na ƙarshe kafaɗa ta mutu ƙwallon tana tafiya kamar ba ta so. Wannan ne amfanin inji, ya ajiye maka ƙwallo a wuri ɗaya sau ɗari ba gajiya ba fushi. Iya aikinshi kenan, kuma wanda ya riƙe wannan a ranshi ba zai yi asarar kuɗi ba.

Abun ma ya daɗe a duniya, tun 1897 wani Baturen Ingila malamin lissafi a jami'ar Princeton mai suna Charles Hinton ya ƙera na farko, kuma da albarushi yake harbo ƙwallon, ka dai ƙiyasta yadda mai riƙe da sanda zai tsaya a gaban wannan. Yanzu har akwai wani mai suna Trajekt da ƙungiyoyin Amurka suke amfani da shi, yana nuna bidiyon ainihin mai jifan da za ka haɗu da shi sannan ya fito da ƙwallon daga inda hannunshi yake. Wannan mu dai sai kallo.

To bari na fara da maganar gudun dan a wuce wajen. Jifa mafi sauri da aka taɓa aunawa a babbar gasar Amurka shine na Aroldis Chapman ɗan Kyuba a 2010, mil 105.8 a awa, kusan kilomita 170 kenan. Sai mutum ya ga inji an rubuta mil 90 ko 100 a kwalinshi ya ce shi wannan yake so, alhali yaran da zai jefa wa 'yan shekara goma ne zuwa sha uku da mil 40 ma tana sa su rufe ido. Abun da mai duka yake fama da shi lokaci ne, wato daga sanda ƙwallo ta fito zuwa sanda ta iso gabanshi. A besbol na manya tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 60 ne da inci 6, ƙwallo mai mil 90 tana cinye wannan tazarar cikin ƙasa da rabin sakan. In ka ɗauko ƙaramin inji mai mil 45 ka ajiye shi a ƙafa 30, lokacin da ka ba yaron daidai yake da na mil 90 daga ƙafa 60, lissafi ne kawai na raba biyu. Ban ce komai da komai iri ɗaya bane, yadda ƙwallon take gangarowa ya ɗan bambanta, amma wajen koya wa hannu ya fito da wuri ya wadatar. Haka sofbol na mata, ƙafa 43 ne kawai, shi yasa mil 65 a wajensu yake kamar mil 90 a besbol. Besbol na yara ƙanana kuma ƙafa 46. Kaga kenan matso da inji kusa kyauta ne, ƙarin mil 30 a kwali kuwa dala ɗaruruwa ne.

Yanzu wuta, kuma anan nake so a nutsu. Kusan duk sanannun injinan nan, JUGS, ATEC, Hack Attack, Heater, Iron Mike, na Amurka ne, kuma wutar Amurka bolt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Wata makaranta da nake ɗan taimaka musu an taɓa aiko musu da inji kyauta daga waje, mai taya ɗaya, sabo fil a kwali, wani bawan Allah cikin murna ya sayo adafta ta ɗari biyar ya soka a soket, ko minti ɗaya ba a yi ba wari ya tashi. Ni na kai shi Dilimi wajen wani dattijo mai naɗin kwayil da gyaran fanka da injin ban ruwa, ya kwance murfin ya kai hancinshi ya shinshina, ya juya ya nuna min ɗan farantin ƙarfen da ke manne a gindin injin da farcenshi ya ce "Malam ai shi ma ya faɗa muku abun da yake ci, ku ne baku karanta ba." Nace Baba to ya za a yi, yace kwayil ɗin lafiyarshi ƙalau, ɗan allon da yake rage gudu da ƙarawa ne ya ƙone, kuma irinshi babu a Jos sai dai a aiko. Injin nan ya kwana biyu a sito ana jiran allo da bai fi tafin hannu ba.

Saboda haka abu na farko ka nemi hoton wannan farantin kafin ka biya ko sisi. Kamfanoni da yawa suna yin na fitarwa ƙasashen waje mai cin 220, ka tambaya takamaimai, ko da ya ɗan fi tsada ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma na 110 ɗin ne ya samu, misali ɗan'uwa ne ya sako maka a kwantena, to sai da tiransifomar rage wuta, wadda masu kayan wuta a Taminus suke kira sitef dawun, kuma ba kowacce ba. Ka ninka bolt da amfiya da aka rubuta, in an sa 120 da amfiya 5 wat 600 kenan, to kar ka sayi mai 600 cif-cif, ka nemi mai 1000 zuwa sama dan lokacin tashi inji yana jan wuta fiye da lokacin da ya daidaita. Akwai kuma wani abu da sitef dawun ba ta gyarawa, wutar Amurka 60 take bugawa a sakan tamu 50. Injin da motarshi irin ta fanka ko injin niƙa ce, wadda take bin bugun wuta kai tsaye, in aka kawo shi nan gudunshi zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida kuma zai riƙa ɗaukar zafi. Masu maɓallin rage gudu da ƙarawa yawanci motarsu ta wani tsarin ce daban, wannan bai cika damunsu ba, amma su kuma allonsu baya son wuta mai hawa da sauka.

Wanda ya kawo mu maganar janareta, dan filin da muke atisaye babu soket ko ɗaya, kuma ko akwai ma ba ka da tabbas ranar Asabar da safe za ka samu wuta. Ƙaramin janaretan nan na masu aski da masu cajin waya ni bana ba da shawara a haɗa shi da inji mai allo, wutarshi rawa take yi, kana jin muryarshi tana canjawa to haka gudun tayar da take cilla ƙwallon ma yake canjawa, ƙwallo ɗaya ta zo a gwiwa ta gaba ta zo a ƙirji, an rasa amfanin injin kenan tun kafin a zo maganar ƙonewa. Janareta mai ɗan girma da sitabilaiza, ko batir da inbata mai kyau, sun fi. Wayar ja ma a kula, siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta a hanya, a nemi mai kauri kuma kar a bar ta a naɗe tana zafi. In ka tara kuɗin sitef dawun da sitabilaiza da waya da man fetur na kowane sati sai kaga injin da ka ɗauka mai araha ne ya zama wani abu daban.

Shi yasa ni dai ga masu yara ƙanana nafi son wanda baya cin wuta kwata-kwata. Akwai na sifirin, irin Blue Flame na Louisville Slugger, kusan tsarin danƙon harbin tsuntsu ne aka yi mishi ƙafafu, ka ɗora ƙwallo a hannun, ka taka feda da ƙafa sifirin ya ɗame, ka ja liba ya saki. Yana kaiwa wajen mil 45, yaro ɗan sakandare zai iya ɗaukarshi da hannu ya sa a Keke, yana jefa ƙwallon besbol yana jefa ta sofbol, yana cin kowace irin ƙwallo har tsofaffin da ɗinkinsu ya fara warwarewa, kuma in sifirin ya saki ko noti ya faɗi duk mai walda zai gane abun da yake kallo. Aibinshi baya zama daram, kowane harbi yana ɗan motsawa, dole a kafe shi da ƙusoshin ƙasa ko a ɗora mishi buhun yashi, kuma a ƙasar Jos ta rani da take kamar siminti kafa ƙusar ma aiki ne. Sifirin ɗin ma yana gajiya, a sayo na canji tun farko. Akwai kuma masu aiki da batir na cikin jikinsu irin Zooka da iska yake turo ƙwallon, ka yi caji a gida ka tafi fili, sai dai ranar da batirin ya mutu sai an nemo daidai shi.

Masu taya sune aka fi sani. Mai taya ɗaya, tayar tana ƙasa tana juyi, akwai wani maƙalli a sama, ƙwallo ta gangaro ta shiga tsakani tayar ta matse ta ta cilla, tana fita da juyin baya wanda shine na miƙaƙƙiyar jifa. Yawanci ƙwallonshi ba ta yin kwana, wato ba ta lanƙwasa a iska, kuma ga mafi yawan 'yan sakandarenmu shine daidai, dan wanda bai gama iya dukan miƙaƙƙiya ba me zai yi da mai lanƙwasa. Mai taya biyu shine wasa yake farawa, kowace taya da maɓallinta, in ta ƙasa ta fi gudu ƙwallon ta tafi miƙe, in ta sama ta fi gudu sai ta nutse ƙasa dab da isowa, in ka karkata kan injin gefe sai ta yi kwana, in kuma ka daidaita su daidai wa daida sai ta fito ba juyi ko kaɗan tana rawa a iska ba wanda ya san inda za ta faɗa har kai mai injin. Wahalarshi duk sanda za ka canja irin jifa sai ka kwance ka karkata ka gwada ka sake gwadawa, yara na tsaye suna jira. Mai taya uku irin Hack Attack ya rage wannan wahalar, da maɓalli ake canjawa kuma mai duka yana ganin ƙwallon tun daga hannun mai sakawa har ta fito, amma kuɗinshi dala dubbai ne kafin a zo maganar dako da kwastam, wannan sai dai ƙungiyar jiha ko wata babbar makaranta. Sai mai hannu, Iron Mike, wanda ake ƙerawa a Kansas City tun shekarun 1950, hannun ƙarfe ne yake zagayowa ya jefo, kuma wajen koyar da lokaci babu kamarshi dan kana ganin hannun yana tahowa. Sai dai nauyi gare shi na fitar hankali, inda aka dasa shi nan zai zauna. Wanda yake son buɗe wajen wasa na kuɗi a Abuja mutane su biya su daki ƙwallo shi ya dace da shi, ba mu masu ɗaukar kaya a but ɗin mota ba.

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman wanda ba za ka gani a takardar kowane inji ba. Abun da yake sa ƙwallo ta yi kwana shine juyinta yana tura iska gefe ɗaya iskar kuma ta ture ta ɗaya gefen, wani Bajamushe mai suna Magnus ya yi bayaninshi tun 1852. To iskar kan tudu ba ta kai ta ƙasa kauri ba, mu kuma muna kusan mita 1,200 sama da teku. A Amurka kowa ya san filin Coors na Denver, wajen mita 1,600, can ƙwallo ba ta kwana sosai kuma in aka dake ta tana tafiya nesa, har a 2002 suka fara ajiye ƙwallayen a ɗaki mai laima dan su rage abun. Mu bamu kai Denver ba amma mun fi Abuja da Ilori da Legas nesa ba kusa ba. Ma'ana lambobin da aka rubuta a takarda, sa wannan taya a kaza waccan a kaza ka samu kwana, a nan kwanar za ta fito ƙasa da yadda suka ce, sai ka ƙara tazara tsakanin gudun tayoyin biyu. Kuma yaron da ya saba da kwanar Jos in ya je gasa a ƙasa zai ga ƙwallo tana lanƙwasa fiye da yadda idonshi ya sani, gara koci ya faɗa mishi tun a mota. Ni wannan ma yana cikin dalilan da suka sa bana ganin wajibi ne ƙaramar ƙungiya a Jos ta kashe kuɗi ninki biyu saboda kwana.

Sanyi ma nashi daban. Tayoyin wasu injinan na iska ne kamar na baro, wasu kuma roba ce daskararriya. Da safiyar Disamba ko Janairu iskar cikin taya tana raguwa, robar ta ƙanƙame, ƙwallayen roba su yi tauri, sai kaga saitin da ka bari jiya da yamma yau yana jefa wa ƙasa. A sayi ɗan geji a riƙa aunawa daidai da lambar da kamfani ya rubuta, kar a kai wa mai faci ya hura da ido kamar tayar mashin, kuma a bar injin ya yi ta juyi na 'yan mintuna kafin a fara. Ƙurar hunturu da jar ƙasarmu kuma suna kwanciya a fuskar taya ta yi santsi ta daina kama ƙwallo, tsumma da ruwa kaɗan bayan an kashe, wani lokacin a ɗan bi ta da sanfefa mai laushi. Da damina kuwa ƙwallo in ta jiƙe to ta fita daga bokiti, jiƙaƙƙiyar ƙwallo zamewa take yi a taya ta tafi inda ta ga dama, ga kuma wayar wuta kwance a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Hadari na haɗowa ake naɗe kaya, kun dai san ruwan Jos baya sallama.

Maganar ƙwallo ita ce wadda ake mantawa a kasafi. Ƙwallon besbol ta gaske fata ce da ɗinki 108, kewayenta inci 9 zuwa 9 da kwata, nauyinta giram 142 zuwa 149, kuma taya tana cin fatar da zaren, ga shi ɗinkin yana sa kowace ta fita daban gwargwadon yadda ta shiga. Shi yasa ake yin ƙwallayen inji na roba masu ramuka-ramuka irin na golf, yawanci ruwan ɗorawa, suna daɗewa kuma suna bin hanya ɗaya. Su kuma aibinsu suna wahalar da sanda mai tsada musamman da sanyi, dan haka a ware tsohuwar sanda ta atisaye, ta gasa a bar ta a jaka. Kar a gauraya sababbi da tsofaffi a bokiti ɗaya, wadda ta sha aiki ta ɗan ragu ta yi sulɓi, gudunsu ba ɗaya ba. Sannan waɗancan ƙananan injinan roba masu arha da kuke gani a intanet, da yawansu ƙwallon soso ko ta roba mara nauyi kawai suke ɗauka, in ka tura musu ta gaske sun tashi aiki, a fili kuma iskar hunturu kwashe ƙwallon take yi. Cikin ɗaki ko zauren makaranta suna da amfani ga ƙananan yara, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk injin da za ka saya ka sayo ƙwallayenshi dozin uku ko huɗu a kwali ɗaya da shi, dan babu shagon da za ka shiga a Ahmadu Bello Way ka ce a baka.

Masu sofbol ku ƙara lura da abu biyu. Ƙwallonku inci 12 ce, ta ƙanana 11, ba za ta shiga maƙogwaron injin besbol ba sai in an yi shi na haɗaka wanda ake buɗa tazarar a canja bututun. Na biyu ƙafafu. A sofbol daga ƙasa ake jifa, hannu yana zagayowa ya saki wajen cinya, ƙwallon tana tasowa ne, a besbol kuma daga sama take gangarowa. In ka ɗora injin a dogayen ƙafafun besbol ka jefa wa 'yan mata, kana koya musu dukan abun da ba za su taɓa gani a wasa ba. Na haɗaka yana zuwa da ƙafafu kala biyu, in babu gajerun kuwa wannan aikin mai walda ne na yini ɗaya da faif.

Tunda na ambaci walda, akwai masu cewa me zai hana a haɗa injin gaba ɗaya a nan da motar injin gudu na motsa jiki da tayar baro. Ƙafafu eh, kejin ragar da ake dukan ƙwallo a ciki eh, garkuwar mai saka ƙwallo eh, amma taya a'a. Abun yana juyi sau dubbai a minti, tayar baro ba a yi ta dan haka ba, in bata daidaita ba girgiza za ta cinye boris, in kuma ta fashe a wannan gudun fuskar wanda yake tsaye a bayanta ce a kusa.

Garkuwar nan da na faɗa, firam ne na faif da raga wanda aka yanke kusurwa ɗaya ta sama, mai saka ƙwallo yana fakewa a bayanshi, dan ƙwallon da aka daka tana iya dawowa da gudun da ya fi wanda ta tafi da shi. Ita da hular kwano ni a wajena suna gaba da injin kanshi, in kuɗi bai isa duka ba a fara da su. Ragar gola ta ƙwallon ƙafa ba ta yi, ƙwallon besbol wucewa take ta idonta, ta keji idonta bai kai inci 2 ba. Cikakken keji na besbol yana kai ƙafa 70 a tsawo, amma ko rabinshi ka samu ya raba ka da biyan gilashin motar malamai da bin ƙwallo cikin gonar mutane. Kuma kullum a jefa gwaji biyu uku babu kowa a wajen duka kafin yaro ya shiga. 'Yan matan da suke taimakawa wajen saka ƙwallo, bakin hijabi a cusa shi cikin riga ko a ɗaure a baya, samari masu dogon hannu su naɗe, dan tayar nan in ta kama ƙyalle ba ta saki, kuma ko an kashe wuta tana ci gaba da juyi na ɗan lokaci shiru kamar ta tsaya.

Yadda ake saka ƙwallon ma fasaha ce. Inji mai taya ba shi da hannu da yaro zai kalla ya san lokacin ɗaga ƙafa, dan haka mai sakawa ne zai zama hannun. Ka ɗaga ƙwallon sama yaro ya gani, ka sauko da ita a hankali da sauri iri ɗaya kowane lokaci, ka sake ta a bakin bututun kar ka tura. Na sofbol ka zagaya hannunka kamar mai jifa sannan ka saka. In ƙwallon fata ce ka riƙa sa ɗinkin ta fuska ɗaya. Akwai wani ƙarin bututu mai sako ƙwallo da kanshi bayan 'yan sakanni, yana da daɗi ga babba mai atisaye shi kaɗai, amma ga yara ni ban so, sai su koyi ƙirga sakan maimakon kallon ƙwallo. Wata yarinya cikin 'yan sofbol ta taɓa ce min "Koci ni a inji ina duka amma in mutum ne sai in rikice", kuma gaskiyarta ne, shi yasa bama barin inji ya cinye atisaye duka, a yi zagaye da shi hannu ya saba, sannan a kashe shi masu jifa su fito su yi nasu ko da rabin jifan a ƙasa yake ƙarewa, in ba haka ba shekara za ta zagayo kana da masu duka goma sha biyar babu mai jifa ko ɗaya da za ka kai gasa.

In na gwanjo ne aka samo maka, wanda ya yi aiki a can, ba laifi, injinan nan masu ƙarfe suna daɗewa. A sa wanda yake can ya kunna ya ɗauko bidiyo da sauti, ka saurara ko akwai gurnani ko girgiza, ya nuna maka fuskar tayar kusa ko ta tsage ko ta yi rami a tsakiya, ya murɗa maɓallin daga ƙasa har sama a gabanka. Tayar canji tana da tsada kuma ita ce take fara ƙarewa, dan haka a tambayi kuɗinta tun kafin a yi ciniki, in da hali a sako guda ɗaya da fiyus da allon gudu a cikin kwalin tunda kuɗin dako sau ɗaya za a biya. Wajen ajiya kuma a samu akwatin katako mai murfi, masu aikin katako a Katako za su haɗa maka daidai girmanshi, dan ɓerayen sitocin makarantu suna cin wayar inji, kuma a cire ƙwallon da ta maƙale tsakanin taya da maƙalli kafin a rufe, in ta kwana sati biyu a matse tana barin gurbi a robar.